Notis na Wata Uku, Sabon Aiki na Jira: Yadda Wani Akanta Ya Rabu da Kamfaninsa a Kano

Takardar ɗaukar aikin ta iso masa a makon ƙarshe na Nuwamba. Wani kamfanin sarrafa abinci ne a Kaduna, albashin ya kusa ninka wanda yake karɓa, ga inshorar lafiya har da iyalinsa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, shi ne ya kama aiki cikin mako huɗu, domin wanda ke kan kujerar ya riga ya tafi. Shi kuwa akanta ne a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, shekararsa huɗu da 'yan watanni a wurin. Takardar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi ta ce duk ɓangaren da ke son a raba gari sai ya ba da notis na wata uku, ko ya biya albashin wata uku a madadinsa.

Da a ce takarda ce kawai tsakaninsa da kamfanin, da lissafin ya zo da sauƙi. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira Alhaji, aminin kawunsa ne tun ƙuruciya, kuma kawun ne ya riƙo hannunsa ya kai shi bayan ya gama bautar ƙasa. Da zai yi aure Alhaji ya ba da gudummawa mai kauri. Akwai kuma ragowar rancen kuɗin haya, naira 200,000, da ake cira kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Ga lokacin ma bai yi daɗi ba. Kamfanin na rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba, a ƙidaya kayan da ke sito, sannan masu binciken kuɗi na waje, wato odita, su zo wajen Fabrairu. A ofishin lissafin kuwa daga shi sai wata mataimakiya da ba ta cika shekara biyu ba.

Shawarar majalisa da abin da doka ta ce

Abokansa na majalisa ne suka fara ba shi shawara, kuma kashi biyu ta kasu. Wasu suka ce ya karɓi albashin Disamba ya kashe waya, babu abin da za a iya yi masa. Wani da ya ɗan leƙa littafin doka ya ce ai mako biyu kawai doka ta ɗora masa, wata ukun nan zalunci ne, ya rubuta haka a takardarsa ya ga abin da za su ce.

Maganar ta biyu tana da tushe, sai dai ba ta hau kansa ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta ta 1974 ce, ta tsara notis a sashe na 11 gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar zuwa sama. Mai shekara huɗu, mako biyu ke nan. To amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a bayar, bai hana ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya a kan abin da ya fi haka ba. Bugu da ƙari, sashe na 91 na dokar ya fitar da masu aikin gudanarwa, da na shugabanci, da na ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da take magana a kansa. Akanta mai riƙe da ofis yana cikin waɗannan. Abin da zai yi aiki a kansa idan magana ta kai Kotun Ma'aikata shi ne takardar da ya sa wa hannu. Da ya bi waccan shawara ya shiga ofishin Alhaji yana karanto sashe na 11, da ya yi asara biyu: hujjarsa ba ta tsayu ba, ya kuma mayar da maganar gida ta zama shari'a.

Akwai dai abubuwa biyu a doka da suka ƙarfafa masa gwiwa. Na farko, babu mai tsare shi a aiki dole. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta aikin tilas, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Yesufu da Gwamnan Jihar Edo a 2001 cewa ajiye aiki ba ya jiran amincewar wanda aka ajiye wa. Abin da kamfani zai iya nema shi ne kuɗin notis ɗin da ba a cika ba. Na biyu, ita kanta Dokar Ƙwadago ta faɗa a sashen nan na 11 cewa kowane ɓangare na iya yafe haƙƙinsa na notis, ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. Wato rage notis ba baƙon abu ba ne, hanya ce da aka sani, mai haƙƙin ne kawai ke da ikon buɗe ta.

Sai ya zauna ya yi lissafin abin da fita da ƙarfin aljihu za ta ci. Albashinsa gaba ɗaya naira 350,000 ne a wata, gundarinsa 140,000, sauran alawus ne na gida da sufuri da makamantansu. Takardarsa ta ce "albashin wata uku", ba ta fayyace wanne ba. Idan gundarin ne, 420,000. Idan duka ne, 1,050,000. A Dokar Ƙwadago ba a sa alawus da kuɗin ƙarin lokaci a lissafin kuɗin madadin notis, amma tunda dokar ba ta rufe shi kai tsaye ba, manajan ma'aikata na iya kafewa a kan babban adadin. Kuma ba abin da za a ce "zan biya daga baya" ba ne. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis sai ya biya a lokacin da yake yanke yarjejeniyar, alkawarin biya bai wadatar ba. Ko ƙaramin adadin ba shi da shi a hannu, ballantana a haɗa da rancen haya.

Ya fara da Kaduna

Abin da na fi yaba masa shi ne inda ya fara. Yawancin mutane suna ɗaukar ranar da sabon wurin aiki ya yanka kamar ba ta motsi, sai su kwashe duk matsin su kai wa tsohon wurin. Shi sai ya buga wa jami'ar ɗaukar ma'aikata ta Kaduna waya, ya gaya mata gaskiyar abin da ke cikin takardarsa, ya ce yana son aikin kuma zai zo, amma ba zai iya barin littafin shekara a buɗe ba. Ya nemi ƙarin mako huɗu. Ya kuma tuna mata cewa mako huɗun da suka ba shi zai faɗo ne a ƙarshen Disamba, lokacin da rabin ofishinsu ya tafi hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, babu ma wanda zai nuna masa aiki. Bayan kwana biyu ta dawo masa da amsa: ƙarin mako uku, ya kama aiki tsakiyar Janairu. Ya tambaya ko za su ɗauki nauyin kuɗin notis ɗin, kamar yadda wasu manyan kamfanoni ke yi wa wanda suke matuƙar so. Ta ce ba sa yi. Ya roƙa a aiko masa da sabuwar ranar a rubuce, aka aiko.

Da wannan kaɗai tazarar ta ragu sosai. Notis ɗin wata uku daga 1 ga Disamba zai ƙare ne a ƙarshen Fabrairu, kusan mako goma sha uku. Yanzu yana da mako shida da zai yi aiki cikakke, kuma su ne makonnin da kamfanin ya fi buƙatarsa. Saura bakwai. Ya duba fayil ɗinsa ya ga yana bin hutun shekara na mako uku da bai ci ba, saboda duk lokacin da ya nema sai a ce ya bari a wuce wani uzuri. Idan aka yarda a lissafa hutun a cikin notis, saura huɗu. A kan mako huɗun nan ne za a yi ciniki.

Zaman da aka yi da Alhaji

Bai fara da takarda ba. Daren Juma'a ya je gidan kawunsa ya shaida masa komai. Kawun bai ji daɗi ba da farko. Ya ce masa, "Kai yaro, Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Ka sa hannu ko ba ka sa ba?" Ya ce ya sa, kuma ba gudu zai yi ba, alfarma zai nema, in an hana shi zai nemo kuɗin ya biya. Wannan amsar ce ta kwantar wa kawun da hankali. Ya yi tayin ya je ya yi wa Alhaji magana da kansa, akantan ya roƙe shi ya bari tukuna. Dalilinsa shi ne idan kawu ya riga shi, Alhaji zai yarda ne don kunya, ransa bai so ba, kuma yardar kunya ba ta daɗewa da zarar aiki ya cakuɗe a Fabrairu. Abin da ya nema kawai shi ne kawun ya sani, kada labari ya je masa ta bakin wani.

Ranar Litinin da safe, kafin a fara shigo wa Alhaji da takardun sa hannu, ya nemi iso. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wata magana ce na zo da ita, kuma na fi so ka ji ta daga bakina. Allah ya kawo mini wani aiki a Kaduna, na kuma karɓa. Abin da ka yi mini ba zan iya biya ba, shi ya sa ba na son in bar maka aiki a warwatse."

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaya nawa za su ba shi. Da ya ji, ya ce zai ƙara masa, ko da bai kai nasu ba. Nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ce bari su yi tunani, sai magana ta koma cinikin albashi, ranar tafiya ta bi ruwa. Shi ya yi godiya ya ce ya riga ya ba da kalmarsa a can, kuma ba zai so ya zama mai magana biyu ba. Sai Alhaji ya ce, "To ɗana, ka san lokacin da ka zaɓa kuwa? Odita na zuwa. Wa zai tsaya musu?"

Tambayar da ya shirya wa ke nan. Ya fito da shafi biyu da ya rubuta a ƙarshen mako. Babu roƙo a cikinsu, ayyuka ne da ranakunsu. Ƙidayar kayan sito ta 31 ga Disamba, shi zai tsaya a kanta. Harajin albashin ma'aikata na Disamba da ake biya kafin 10 ga Janairu, shi zai biya. Bayanin harajin albashi na shekara da ake kai wa hukumar tara haraji ta jiha kafin ƙarshen Janairu, zai kammala shi ya ajiye kafin ya tafi. Harajin VAT na Disamba, wanda wa'adinsa 21 ga Janairu ne, mataimakiyarsa za ta shigar, kuma za ta fara gwadawa da na Nuwamba yana zaune kusa da ita. Daidaita littafi da bayanan banki na duk asusun kamfanin har ƙarshen shekara, da jerin waɗanda ake bi bashi da waɗanda ke bin kamfanin, kowane da takardunsa a fayil. Sannan ranar Asabar biyu a Fabrairu zai taso daga Kaduna ya zauna da masu bincike, da kuɗin motarsa.

A ganina nan ne maganar ta juya. Alhaji bai damu da mako goma sha uku don kansu ba. Tsoronsa shi ne odita ya yi tambaya a rasa mai amsawa, ko a ci kamfanin tarar haraji, ko a wayi gari ba a san lambar sirrin shiga manhajar lissafi ba. Wata ukun da ke takarda an sa shi ne don maganin irin wannan tsoron. Da aka bi abubuwan da yake tsoro ɗaya bayan ɗaya aka nuna masa wanda zai riƙe kowanne, sai kwanakin suka rage nauyi a wurinsa. Ya karanta shafukan sau biyu, ya tambaya ko yarinyar za ta iya. Akantan ya faɗi gaskiya: aikin wata-wata za ta iya, amma rufe shekara da hulɗa da odita sai an ɗauko mai gogewa, kuma ya san mutum biyu da za a iya gwadawa. A ƙarshe Alhaji ya ce, "Je ka, Allah ya sa alheri ne. Ka ga manaja ku ƙarasa."

A ranar ya miƙa takardar ajiye aikinsa, ya sa aka buga masa hatimin karɓa a kwafinsa, domin ƙirgen notis na farawa ne bayan an ba da shi, ba daga ranar da aka yi hira ba. Yadda ya tsara takardar ma abin lura ne. Ya rubuta cewa yana ba da notis kamar yadda yarjejeniyarsu ta tanada, sannan a sakin layi na biyu ya nemi a amince ranar aikinsa ta ƙarshe ta kasance tsakiyar Janairu, bisa tsarin da ya haɗo da shi. Bai yanke wa kansa rana ya sanar da su ba. Haka ya sa ko da an ƙi, babu wanda zai ce ya karya yarjejeniya.

Inda aka kai ruwa rana

"Je ka" ɗin Alhaji ba ta ce komai a kan kuɗi ba, manajan ma'aikata kuwa aikinsa ke nan. Ya ce shi abin da ya fahimta an yarda ya tafi da wuri, amma sauran mako bakwai sai ya biya, kuma da cikakken albashi. Hutu kuma, in ji shi, ba a cin sa a cikin notis. Ya ƙara da cewa idan aka yi wa mutum ɗaya sassauci, gobe kowa zai zo da tasa. Wannan damuwa ta gaskiya ce, bai kamata a raina ta ba, domin shi ne zai fuskanci na gaba.

A nan wani abokin aikinsa ya raɗa masa wata dabara. A matsayinsa na akanta ya san kamfanin ya yi jinkirin tura kuɗin fanshon ma'aikata na wasu watanni, alhali Dokar Fansho ta 2014 ta ce a tura kashi 10 cikin ɗari daga kamfani da kashi 8 daga albashin ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Abokin ya ce masa ya ambaci sunan PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, kawai, zai ga manaja ya sauko. Akantan ya ƙi, kuma ina ganin daidai ya yi. Sirrin da ya sani ta dalilin amanar ofis ba makamin cinikin kansa ba ne. Kuma da ya yi barazana aka sallame shi, da kuɗin ma'aikatan sun ci gaba da zama inda suke. Abin da ya yi shi ne ya sa bashin fanshon a saman jerin basussukan da ke cikin takardar miƙa aiki, da adadinsa wata-wata, ya kuma gaya wa Alhaji baki da baki cewa odita zai gani, gara a biya kafin ya zo. An biya kashi na farko kafin ya tafi, har da nasa a ciki.

A kan hutun, hujjarsa mai sauƙi ce: haƙƙinsa ne da aka riƙe don amfanin kamfani, ko a ba shi kuɗinsa ko a cire daga notis, kuma cirewar ta fi wa kamfanin arha. Manaja ya yarda. Sai akantan ya nemi a rubuta shi da kyau, cewa an yi musayar hutun da mako uku na notis, kuma aikinsa ya ƙare ne a ranar da ya fita. Ba ya son takarda ta nuna yana hutu a Kano alhali yana karɓar albashi a Kaduna, domin sabuwar yarjejeniyarsa ta hana riƙe aiki biyu. Ƙaramin abu ne da mutane ke mantawa, yana kuma iya zama abin tuhuma tun mutum bai zauna daram a sabon wuri ba.

Mako huɗun da suka rage sai da aka koma gaban Alhaji, wannan karon su uku. A nan ne kawun ya buga waya, gaisuwa kawai da godiya, bai roƙi komai ba. Alhaji ya yafe mako biyu a madadin Asabar biyun da za a zo. Sauran biyun aka lissafa da gundarin albashi, naira 70,000, don manaja ya samu abin da zai nuna wa na baya cewa ba kyauta aka tafi ba. Rancen haya aka raba shi biyu, 100,000 daga albashin Disamba, sauran daga haƙƙinsa na kwanakin Janairu. Watan ya zo masa da ƙunci, ga kuɗin kama gida a Kaduna, sai da matarsa ta sayar da ɗan abin da ta tara aka cike.

Duk wannan ya dage sai an sa shi a takarda guda mai ɗauke da sa hannun Alhaji: ranar ƙarshe, abin da aka yafe, abin da za a cire, da cewa bayan haka babu wanda ke bin wani. Manaja ya ga kamar rashin yarda ne, ya ce ai maganar Alhaji ta isa. Ya amsa masa da cewa maganar Alhaji ta ishe shi, amma Kaduna za su nemi takardar sallama, kuma fayil ba ya tuna abin da aka faɗa da baki. Sai da ya yi ta bibiya har mako na biyar kafin takardar ta fito.

Bayan tafiya

Ranar ƙarshe ya miƙa makullan ofis da na'urar shiga asusun banki, aka cire sunansa daga masu hulɗa da bankin, mataimakiyarsa ta canza lambobin sirri a gabansa, suka sa hannu a takardar miƙa aiki su uku da manaja. Asusun fanshonsa bai buƙaci komai ba illa ya ba sabon wurin lambarsa da sunan kamfanin da ke kula da shi.

Wuri ɗaya ne tsarin nasa ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce wa Alhaji a kira shi duk lokacin da aka buƙace shi, bai sa iyaka ba. Kamfanin bai ɗauki sabon akanta ba sai a Afrilu, saboda haka wayarsa ba ta huta ba: mataimakiya na kira a tsakiyar aiki, manaja na turo takardu da dare, Asabar biyu suka zama huɗu. Har sai da shugabarsa ta Kaduna ta ja masa kunne a kan yawan fita amsa waya yana cikin watannin gwaji. Daga nan ya kira Alhaji ya roƙi a mayar da tambayoyin zuwa yammacin Asabar, a kuma tsayar da su a ƙarshen Maris. Da an sa wannan a takardar tun farko, da bai sake zuwa neman alfarma karo na biyu ba. Alhaji ya amince, masu bincike suka kammala aikinsu a cikin Maris, sabon akantan da aka ɗauka kuwa ɗaya ne daga cikin mutum biyun da ya ba da sunansu.